Sa wa takunkumi roba: inda na kai a mako na uku

'Yan uwana masu koyon ɗinki, barkanmu da aiki. Hunturu ya kama, ƙura na rufe gari tun da sassafe, kuma yau na sauke takunkumin fuska na tara daga kan keke. Jikin takunkumin bai ba ni wahala ba: ƙyalle biyu na atamfar auduga, inci 9 a tsawo, 6 a faɗi, ninki uku, an gama. Robar ce ta riƙe ni kwana da kwanaki.

Guda huɗun farko, na cusa bakin robar tsakanin ƙyallayen biyu a kusurwa, na bi ta kai da keke. Kowace na yanka ta inci 7, don shi ne awon da aka saba ba manya. Maigida ya sa ɗaya ya hau babur zuwa kasuwa, da ya dawo bayan kunnensa ya yi ja wur, har da shatin robar. Ƙanwata kuwa nata sai zamewa yake yi ƙasan hanci. Awo ɗaya, kai daban-daban. Wani kuma a wanki na uku robar ta zare, saboda sau ɗaya na bi ta kanta. Duk wadda za ta yi wannan hanyar, ta bar rabin inci na robar a ciki, ta je ta dawo a kai sau uku.

Hajiyar da ke koya mini ce ta ɗaga ɗaya ta duba, ta tambaye ni ko na manta yadda ake yi wa wando ƙubaka. Nan na gane. Yanzu ƙyallen inci 10 nake yankawa, in kalmasa gajerun gefunan kwata inci, in sake kalmasa rabin inci, in ɗinke, ya zama 'yar ƙubaka kowane ɓangare. Sai in maƙala fil a bakin roba in zura ta fito. Ba na ƙulle ta tamau sai mai shi ya sa a fuska, ya yi magana, ya buɗe baki. In ta zauna daidai sai in ƙara ƙulli, in ja shi ya ɓuya cikin ƙubakar. Abin da ya fi faranta mini rai, robar na tattare gefen ƙyallen ya kwanta a kumatu, ba ƙofar da ƙura za ta bi. Ran da ta saki kuma, a zare ta a zura sabuwa, ba sai an farke ɗinki ba.

Robar ma iri-iri ce. Mai layi-layi ɗin nan, in kika ja ta sai ta tsuke ta zama siririya, ita ce ke cin kunne. Ki nemi mai laushi wadda faɗinta bai wuce kwata inci ba, ki ja ta a gaban mai shago ki ga ko tana komawa yadda take. Kada guga ta taɓa ta, kada a jiƙa ta a tafasasshen ruwa, zafi ke kashe ta.

Mu masu hijabi, ta kunne ba ta yi mana, kullum sai an cusa hannu ana lalube. Nawa roba ɗaya doguwa na zura ta ƙubaka biyun, ta zagaya ƙeya sama da ƙasa a kan hijabin. Na auna da tef na rage inci 2, ya kama inci 30. Kunnena ya huta.

Jiya roba ta ƙare, sai na yanka tsohuwar singileti a kwance, faɗin inci 1, na ja ta naɗe kamar igiya. Ta fi roba taushi, da ita na yi wa yara. Autana dai ban yi masa ba, ba a sa wa yaron da bai kai shekara 2 ba.

Saura wajen hanci, har yanzu iska na fita ta sama tana sa wa maigida hazo a tabarau. Gobe in Allah ya kai mu zan gwada wata 'yar ƙubaka a can, in zura siririyar waya.