Tarihin rayuwata, kashi na 7: Ranar da elebater ta taka ni

Salamu alaikum jama'a. Wancan satin mun tsaya inda na baro Tawa na samu aikin dako a wani magaza na shinkafa nan Yamai, wajen Gamkalle.

To ranar wata Alhamis ce cikin azumi, kamyo ukku suka iso daga Kwatano, buhu mai kilo 50, ga zafi kamar a soya ƙwai bisa kwano. Mu muna jera buhu bisa palet, wato katakon ɗora kaya, elebater, motar nan mai ɗaga kaya da ƙarafa biyu a gabanta, tana ɗauka tana shiga ciki. Wanda bai san motar nan ba sai ya rena ta don ƙarama ce, amma wallahi ta fi taksi nauyi nesa ba kusa ba, ƙarfe ne cunkus a bayanta don kar kaya su kifar da ita, kuma da tayoyin baya take juyawa, shi ya sa gindinta ke sharar gefe in ta sha kwana. Ni ba wanda ya taɓa gaya min haka. Ga abin nan da ke kuka tit tit in tana baya-baya ya mutu tun kafin in zo, patiro kullum sai ya ce gobe.

Na duƙa ke nan in ɗauki silifas ɗina da ya tsinke, sai na ji ƙarass. Ban ma ji zafi ba da fari, ƙafata kawai na gani ta kalli wani wuri daban.

Direban dattijo ne, ya diro jiki na rawa yana ta salati, yana "ɗana ban gan ka ba, wallahi ban gan ka ba". Na ce Baba ba komi ƙaddara ce, alhali ni kaina ban san mi nake faɗi ba. Da rawaninshi ya ɗaure min ƙafar.

A likita aka yi radiyo, wato hoton ƙashi, ƙashi biyu sun karye. Wani ma'aikaci ya tambaye ni lambata ta CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata, wai haɗarin aiki ne su ke biya in an kai rahoto. Na ce mi ke nan? Wata 14 ina magazan nan ashe ko sunana ba a rubuta ba.

Da magariba sai ga yaron patiro da jika 20 cikin ambulan, wai Alhaji ya ce in ce babur ne ya buge ni. Kawuna na zaune bakin gado, ya amshi ambulan ɗin ya juya shi, bai buɗe ba.

Abin da kawu ya yi da kuɗin nan sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.