Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Kawu Ya Ƙirga Min Shago

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a inda maigidana na Kasuwar Singa ya sallame ni bayan shekara bakwai ina yi masa hidima. Ya danƙa min naira 400,000, ya sa min albarka, na kama shagon tireda a Ɗorayi a watan Agustan 2014. Abin da zan ba ku yau shi ne wanda ya fi yi min nauyin faɗa a duk labarin nan, domin akwai haƙƙin wani yaro a ciki.

Shekarar farko ba ni da abin cewa sai godiya ga Allah. Shagon yana bakin layi, tsakanin masallaci da wata Islamiyya. Tun bayan sallar asuba masu sayen biredi da madara da ganyen shayi suke fara zuwa, ba na jan ƙofa sai goma na dare. Lissafina a lokacin guda ɗaya ne: in dare ya yi in juye aljihun tebur a kan tabarma in ƙirga. In na ga dubu arba'in ko hamsin sai in ce yau an samu. Daga cikin kuɗin nan nake ba da cefanen gobe, daga ciki nake zuba adashi, daga ciki nake kai gudummawar suna ko biki. In uwargida ta aiko a kawo sabulu ko taliya, sai in miƙa hannu kan kanta in ɗauko. Shagona ne, kayana ne, wa zan tambaya?

Sai 2016 ta shigo. A watan Mayu aka mayar da litar fetur naira 145, a watan Yuni kuma Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dalar da take kusan 197 a farashin gwamnati ta haura 280 cikin kwana ɗaya. Mu ƙananan 'yan tireda ba ma taɓa dala, amma kullum ka shiga Singa sai ka tarar da sabon farashi. Na fara lura kantocina suna yin haske. Inda nake jera katan biyar na taliya sai uku, daga baya biyu. Na koma karɓar kaya bashi a hannun 'yan sari, abin da ban taɓa yi ba. Ciniki kuwa yana nan yadda yake, har ma ya ɗan ƙaru. Wannan shi ya ɗaure min kai: kuɗi suna shigowa kullum, shago yana ramewa.

Akwai ɗan yayata da aka kawo min daga ƙauye, shekararsa goma sha shida, shi yake tsare min shagon in na tafi kasuwa. Zuciyata ta tafi kansa. Na fara sa masa ido, na daina yi masa fara'a. Wata rana da daddare yana barci a soro na lalube aljihun rigarsa, na sami naira ɗari da hamsin, kuɗin da ni na ba shi na aski. Ko hakan bai sa na saki zargin ba. Na kwana ina shawarar mayar da shi gida.

Kafin in yanke hukunci na je wajen Kawu, ƙanin mahaifiyata. Ya yi aikin akawu a wata masaƙa a Bompai shekaru masu yawa har aka rufe ta, ya koma gida yana ɗan kiwon tumaki. Na gaishe shi, na zayyana masa komai, na ƙare da cewa ina ganin yaron nan yana taɓa min kuɗi.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Nawa ya ɗauka?"

Na ce, "Kawu, ban san adadin ba."

"To nawa ne a shagon kafin ya ɗauka?"

Nan ma ba ni da amsa.

Ya ce, "Ɗana, wanda bai san yawan tumakinsa ba, ba shi da bakin cewa kura ta ɗauki ɗaya. Kada ka kori yaron mutane a kan zato. Ranar Juma'a kada ka buɗe shago, ina zuwa bayan asuba."

Ya zo da tabaraunsa da biro biyu, ja da shuɗi, da littattafan makaranta guda uku masu ganye sittin-sittin. Muka rufe ƙofa ta ciki, ni da shi da yaron. Ya ce a sauke komai. Tun daga buhun shinkafa da na sukari har ashana da batir da tumatirin leda, sai da muka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Da na fara faɗa masa kuɗin kowane kaya yadda nake sayarwa sai ya ɗaga hannu ya ce a'a, yadda na saro yake so. Ribar da ke kan kanta ba a ci ta ba tukuna, kayan na iya lalacewa, ɓera na iya fasa buhu, don haka ba a lissafa ta sai ta shigo hannu. Bayan buhunan muka tarar da katan ɗin madarar gwangwani da wa'adinsa ya wuce da wata huɗu, ban ma san yana nan ba. Kawu ya ce a fitar da shi waje, bai rubuta masa ko sisi ba.

Wajen ƙarfe sha ɗaya muka gama. Kayan da ke shago a farashin sari suka kama naira 265,000. Kuɗin aljihun tebur da ɗan abin da ke banki 38,000. Sai ya ce in kawo littafin bashi. Babu littafi, bashin duk a kaina yake, wasu kuma a bayan kwalin sigari da na liƙa a bango. Muka zauna ni da yaron muna tunowa, kuma a nan na fara jin kunya, domin shi ya fi ni riƙe sunaye da ranaku. Abin da muka iya tattarowa 96,000. Kawu ya haɗa ukun suka ba da 399,000. Raina ya ɗan yi sanyi, na ce ashe uwar kuɗin tana nan.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Saura wanda ake bin ka."

'Yan sari biyu a Singa suna bi na 110,000. Ya cire da jan biro, saura 289,000. Ya koma kan jerin masu bashi yana tambaya, wane yaushe ya karɓa, yaushe rabon da ya kawo wani abu. Duk wanda ya shekara bai motsa ba sai ya ja masa layi. Waɗannan suka tashi 41,000. Ya ce kada in yafe, in ci gaba da bi, amma kada in ƙara ƙirga su cikin jari har sai na gan su a tafin hannuna. Abin da ya rage a ƙasan shafin: naira 248,000. Daga 400,000. Ya kuma tuna min cewa dubu ɗari huɗun 2014 ta fi ta yau ƙarfi a kasuwa nesa ba kusa ba, wato ramar ta fi abin da takarda ta nuna.

Na ce, "To Kawu, ina kuɗin suka tafi?"

Ya ce wannan ƙirgar yini ɗaya ba za ta faɗa ba, sai rubutun wata guda. Littafi na farko ya raba kowane shafi biyu da rula, dama abin da ya shigo, hagu abin da ya fita, kowace rana da shafinta. Sharaɗinsa ɗaya ne, babu abin da ya yi ƙanƙanta. Kuɗin ɗan dako, kuɗin a-daidaita-sahu daga Singa, leda, fetur ɗin janareta, naira ashirin da na miƙa wa almajiri, duk a rubuta. Abin da na ɗauka na kai gida kuma, kuɗi ne ko kaya, a sa shi a ƙasan shafi da jan biro, kayan a yi musu kuɗi kamar yadda zan sayar wa baƙo. Ya sa na kafa doguwar ƙusa a jikin kanta ina soke duk rasit ɗin da na karɓo daga kasuwa.

A kan littafin bashi ya fi daɗewa. Kowane mai bashi shafinsa daban, da rana da abin da ya ɗauka da ranar da ya ce zai biya. Na ce masa ina jin nauyin in buɗe littafi a gaban dattijon unguwa a kan kwanon sukari, za a ce na zama mai ƙwauro. Sai ya tambaye ni wace aya ce ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani. Na sani, ta 282 ce a Suratul Baƙara, ayar bashi. Ya ce to Allah da kansa ya ce a rubuta, kuma ya ce kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba, zuwa ajalinsa. Ya ce, "Nauyin wa kake ji bayan wannan? Rubutun ma kariya ce ga wanda ya ci bashin. In ka mutu yau, magadanka za su bi shi da abin da ya ci, ba da abin da suka ga dama ba." Tun daga ranar ban sake jin kunyar buɗe littafin nan a gaban kowa ba, kuma abin mamaki, dattawan da nake tsoro su ne suka fara cewa haka ya fi.

Kwanakin farko sun yi wuya. In layi ya cika nakan manta, sai yaron ya taɓa ni ya ce, "Kawu, ba a rubuta kuɗin leda ba." A mako na biyu ma hannunsa littafin ya koma, rubutunsa ya fi nawa tsabta.

Ƙarshen wata Kawu ya dawo muka sake sauke kaya. Wannan karon ya koya min yadda ake gane kuɗin sarin abin da aka sayar, ba tare da bin kowane ƙulli ba. Kayan farkon wata 265,000 ne. Rasit ɗin da ke kan ƙusa suka nuna na saro na 1,025,000. Kayan da muka tarar a ƙarshe 260,000. In ka haɗa biyun farko ka cire na ukun, abin da ya fita daga shagon ya ci 1,030,000 a sari. Cinikin watan kuwa 1,140,000. Bambancin, 110,000, shi ya kira ɗanyar riba, ya ce ba a cin ta sai an dafa. Dafuwar ita ce a fitar da hidimar shago. Hayar da nake biya 60,000 a shekara ya raba ta goma sha biyu, ya ce ko mai shago bai zo yau ba, dubu biyar ɗin kowane wata tasa ce, ajiya ce a hannuna. Da fetur da wuta da dako da mota da leda da kuɗin gadi da ɗan abin da nake ba yaron, hidimar ta kama 40,000. Tsantsar riba 70,000.

Sai ya tattara jan biro. Cefane, kayan shayi, adashi, katin waya, gudummawar wani biki, maganin yarinya: 75,000.

Naira dubu biyar kacal. Ita nake ci daga jikin jari kowane wata ban sani ba. Ya ce in ninka ta sau ashirin da huɗu, in kwatanta da gibin da muka gani ranar Juma'ar nan kafin a taɓa bashin da ya mutu. Suka kusa yin daidai. Babu ko naira ɗaya da ta ɓace ba a san hanyarta ba a watan da yaron yake riƙe da littafi.

Akwai wani rami kuma da rasit ɗin suka tona. Ina alfahari da cewa ni ba na ƙara wa tsohon kaya kuɗi. Buhun shinkafar da na saro 12,000 na auna shi a kwano ya ba ni 13,200, na yi murna da riba, na koma Singa na tarar da shi 15,000. Kawu ya ce ɓoye kaya don a jira tsada zalunci ne, kada in kusance shi, amma sayar da buhu a kuɗin da ba za su maido buhu ba, rufe shago ne a hankali, kuma ranar da na rufe unguwar ma ta yi asara. Tun daga nan nake kiran Singa da safe in ji farashi kafin in buɗe sabon buhu.

Ya yanka min albashi kamar ma'aikaci, 55,000 a wata, ragowar ta koma cikin kaya har jari ya farfaɗo. Na yi zaton uwargida za ta yi ƙorafi. Ita ce ma ta fara aiko yarinya da kuɗi a hannu ta sayi omo a shagon ubanta, ta tsaya ta karɓi canji.

Da Kawu zai tafi na raka shi bakin titi. Ya ce, "Akwai bashi ɗaya da ba ya cikin littafi, ka san shi." Daren nan bayan mun rufe na zaunar da yaron a kan benci, na gaya masa abin da na zarge shi da shi, har da lalube aljihun, na roƙe shi ya yafe min. Ya sunkuyar da kai ya daɗe, sannan ya ce ya sani, ba barci yake ba a daren. Ya ce ya yafe. Ban iya cewa komai ba.

Washegari na buɗe littafin bashi don in fara bin waɗanda aka ja wa layi. Sunan da ke saman jerin, da naira 17,500 a gabansa, na yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.