Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gotar Ƙofar Shagonmu

Makon jiya na tsaya a inda Baba ya damƙa mini makullin shagon ɗinkinsa da ke bakin titin unguwar Nima a birnin Accra, 'yan taku kaɗan daga Kasuwa Mamudu. Abin da ban faɗa muku ba shi ne, ba keken ɗinki kaɗai na gada ba, har da gotar da ke ƙofar shagon.

Ruwanta baƙi ƙirin ne, ba ya tafiya. Ledojin fiya wata sun toshe ta, ga ɓawon albasa, ga kan kifi. Ranar Laraba kuwa, da yake ita ce ranar kasuwa, kafin magariba ta cika ta batse. Mun saba da warin har mun daina jinsa. Sai baƙo ya zo gwajin riga ya toshe hanci, sannan kunya ta kama ni.

A 2014 cutar amai da gudawa ta ɓarke a Accra, ta kashe sama da mutum 200 a faɗin Ghana. Yaron da nake koya wa ɗinki yana cikin waɗanda ta kama. Ni na goya shi zuwa bakin titi neman tasi, idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe kamar tsohuwar fata. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi. Amma daga ranar ban ƙara kallon gotar nan da idon da na saba ba.

Gwamnati ta ƙaddamar da ranar tsafta ta ƙasa a 1 ga Nuwamba na shekarar, aka ce kowace Asabar ɗin farkon wata a fito shara. Mun fito. Sai dai bolar da muka kwaso ta kwana uku a gefen titi ba motar ɗauka, iska da awaki suka mayar da rabinta inda ta fito. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Bayan la'asar muka zauna mu masu shagunan layin: teloli, masu kayan gini, masu gyaran waya, mata masu koko da ƙosai. Wani dattijo mai sayar da tabarmi ya ce kowa ya lissafa gotar ƙofarsa cikin shagonsa. Muka buɗe asusu irin na susu, wato adashi, kowace Juma'a kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, aka ba ni riƙon littafi. Da kuɗin muka ɗauki mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, yana kwashe bola duk safiya, ragowar muka tara don murafun siminti.

Inda aka sha wuya shi ne wajen tsohuwa mai waakye, wato shinkafa da wake. Teburinta a kan katakon da aka shimfiɗa bisa gotar yake, tun ina zuwa makarantar allo. Ni aka tura.

"Mma, sai an ɗaga teburin nan kafin a yashe ƙasansa."

Ta ajiye ludayi ta dube ni. "Ɗana, a nan na ciyar da marayu huɗu. In na matsa, wa zai mayar da ni?"

"Ni zan mayar da ke, Mma, da hannuna."

Kwana biyu ta yi ciniki a barandar shagona. Murafun farko da muka saya a gurinta aka jera su, aka dawo da teburin. Ta taka simintin da ƙafa sau biyu, ta sa mana albarka har muryarta na rawa. Daga baya muka kafa benci biyu da fitila mai aiki da hasken rana, don lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya addabi gari. Tsofaffi suka samu wurin hira bayan isha'i, yara mata kuma suka daina tsoron lungun.

Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne babbar gotar da ta raba Nima da Maamobi, wadda ruwanta ke gangarawa kogin Odaw, ya bi ta tafkin Korle ya faɗa teku. Da hadari ya haɗu, wasu sai su juye bolar gidansu a ciki don ruwa ya tafi da ita. Mun yi magana a masallatai, wasu sun ji, wasu ko a jikinsu.

Haka muka shiga damina. Ranar Laraba 3 ga Yuni 2015 na aiki yaron nan Circle, babbar mahaɗar tituna a Accra, sayo zare da yamma, sai ruwa ya kece. Na tsaya a ƙofar shago ina kallon gotarmu tana gudu sarai, ina kiran wayarsa ba ta shiga.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.