Watannin da aka kashe waya a Zamfara da bayanin da ba a taɓa yi mana ba

A shekarar 2021 hukumomi sun toshe hanyar sadarwa sau biyu a Najeriya, amma ɗaya ce kawai ta zauna a bakin mutane. Kusan duk wanda ke bin labarai yana tuna dakatar da Twitter, wadda ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya sanar ranar 4 ga Yuni, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. An yi ta dariya a lokacin domin a shafin Twitter ɗin ma'aikatar ta wallafa sanarwar. Ta biyun ita ce katse layukan waya gaba ɗaya a jihar Zamfara daga farkon Satumba, kuma ita ce ta fi damuna, domin a Zamfara ba wata manhaja guda aka rufe ba, wayar kanta aka mayar da ita tocila a hannun miliyoyin mutane.

Ya kamata a tuna halin da ake ciki a lokacin, don kada a yi wa kowa rashin adalci. A watan Fabrairu na wannan shekara an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, sannan a ranar 1 ga Satumba aka sake sace ɗalibai fiye da 70 a ƙauyen Kaya da ke ƙaramar hukumar Maradun. Gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya nemi a katse sadarwa, bisa hujjar cewa 'yan bindiga suna amfani da waya wajen haɗa kai, da karɓar bayanai daga infoma, da cinikin kuɗin fansa. Ni kaina a makon farko na goyi bayan matakin, kamar yadda da yawa daga cikinmu suka yi, saboda wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Abin da ya fara sauya mini tunani shi ne yadda labarin ya iso ga jama'a. Mutane da dama sun fara jin zancen ne ta hanyar hoton wata wasiƙa da ta bazu a intanet, wadda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta aika wa kamfanonin waya tana umartar su da su kashe turakunsu masu ba da sabis a jihar na mako biyu daga ranar 3 ga Satumba. Wasiƙar ta kamfanoni ce, ba a rubuta ta domin manomin Tsafe ko mai shago a Kaura Namoda ba, alhali kuwa su ne za su ɗauki nauyinta. Mako biyun ya wuce ba a dawo da sabis ba. Sai a farkon Oktoba aka buɗe Gusau, sauran sassan jihar kuma suka jira har kusan ƙarshen Nuwamba. Kafin nan matakin ya riga ya yaɗu zuwa ƙananan hukumomi 13 a Katsina, da 14 a Sakkwato, da wasu sassa na Kaduna.

Wanda bai zauna a wurin ba zai iya ɗauka cewa hirar WhatsApp kawai aka rasa. A gaskiya masu sana'ar POS sun tsaya cak, tura kuɗi ta waya ya gagara, kuma hakan ya zo daidai da rufe kasuwannin mako da hana sayar da fetur a jarka da hana safarar dabbobi, ta yadda talaka ya sha matsi ta kowace fuska a lokaci guda. An ga mutane suna biyan kuɗin mota daga Gusau zuwa Funtuwa don kawai su kira 'yan uwa ko su duba ko albashi ya shigo. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙauyen da aka kai wa hari cikin dare: da can akwai yiwuwar wani ya kira jami'an tsaro ko ya gargaɗi ƙauyen da ke gaba, yanzu sai dai a jira gari ya waye a tura ɗan aike a kan babur. 'Yan jarida ma sun rasa hanyar tabbatar da labari, don haka a tsawon waɗannan makonni abin da hukuma ta faɗa shi ne kusan dukkan abin da sauran ƙasa ta sani game da Zamfara.

Ba na cewa gwamnati ba ta da ikon ɗaukar mataki mai tsauri. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin karɓa da isar da bayanai, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita wannan 'yanci saboda tsaro, amma da sharaɗin cewa da doka za a yi shi, kuma ya zama abin da hankali zai ɗauka a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Wannan sharaɗi yana nufin akwai wanda zai auna, kuma ba a awo sai da mudu. Hare-hare nawa aka daƙile saboda katse wayar? Mutum nawa suka rasa ransu saboda sun kasa neman agaji? Wace asara 'yan kasuwa suka yi? Waɗannan tambayoyi ne da majalisar dokoki za ta iya yi a zaman da kowa zai saurara, ba tare da an tona asirin wani aikin soja ba. Da aka dawo da sabis, sai aka yi ta murna da godiya, aka wuce wurin. Haka aka yi a 2013, lokacin da aka katse waya a Borno da Yobe da Adamawa bayan ayyana dokar ta-ɓaci, kuma da an fito da cikakken nazari a kan wancan karo, da gwamnonin 2021 sun sami abin dubawa kafin su bi sahu.

A nan ne kwatanta lamarin da na Twitter yake da amfani. Masu amfani da Twitter suna da lauyoyi da ƙungiyoyi da kunnen ƙasashen waje, kuma da yawansu sun ci gaba da shiga ta VPN, wato manhajar da ke kewaye toshewar intanet, duk da barazanar gurfanarwa da ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya yi. An ɗage dakatarwar ranar 13 ga Janairun 2022 bayan kwana 222, sannan a watan Yulin wannan shekara kotun ECOWAS, a ƙarar da ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP da wasu suka shigar, ta yanke cewa matakin ya saɓa wa doka, ta kuma umarci gwamnati kada ta maimaita. Mutumin Shinkafi ba shi da VPN da zai cece shi, tunda sabis ɗin ne babu baki ɗaya, kuma ba shi da hanyar da zai yi kuka a ji shi, tunda hanyar kukan ita aka toshe.

Muna da dokar 'yancin samun bayanai da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011, wadda ta wajabta wa ma'aikatar gwamnati amsa buƙata cikin kwana bakwai. Na san dokar ta keɓe abubuwan da suka shafi tsaron ƙasa, kuma na san dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan a littafi, ita ce ma jami'ai suka fi saurin tunawa. Duk da haka NCC hukumar tarayya ce, kuma ban ga yadda za a kira adadin turakun da aka kashe, da ranar da aka sabunta umarnin, da sashen dokar da aka dogara da shi, sirrin tsaro bayan shekaru sun wuce ba. Ina ganin ya dace ƙungiyoyin lauyoyi da na 'yan jarida a Gusau da Katsina da Sakkwato su rubuta wannan buƙata, su adana takardar shaidar karɓa, idan kwana bakwai suka cika babu amsa su nufi kotu, kamar yadda dokar da kanta ta ba su dama.