Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Haruffa Huɗu

A makon jiya na tsaya a inda na ajiye aiki bayan wata bakwai, saboda na ƙi sa hannu a rahoton da aka yi wa alƙalumansa ƙari. Abin da ban gaya muku ba shi ne, ko musu ban yi da kowa ba. Da dare na rubuta takardar, da safe na miƙa, na fito. Sai da na dawo gida duk maganganun da ya kamata in faɗa suka zo mini, na zauna ina gaya wa bango.

Haka nake tun ƙuruciya. A gida sunana miskila. Baƙi na cika falo zan gaishe su, in sulale ƙuryar ɗaki. Umma takan ce, "Wannan zurfin cikin naki wata rana shi zai kayar da ke." Wasu kuma suka yanke cewa girman kai ne, kuma wannan ya fi yi mini ciwo, don ni ina son mutane. Awa biyu dai cikin hayaniya sai in ji kamar an zare mini laka.

Ina cikin zaman gidan nan ƙanena ya turo mini wani gwaji a waya, ya rubuta, "Yaya, amsa wannan, wallahi ke suka zana." Irin gwaje-gwajen halayya na kyauta ne da ke intanet, waɗanda aka gina a kan tsarin Myers-Briggs, mai raba mutane rukuni-rukuni bisa halayensu. Na buɗe shi wajen ƙarfe ɗaya na dare. Yawancin tambayoyin na wuce su da sauri, sai guda ɗaya ta tsayar da ni: gaskiya mai ɗaci na fi riƙo, ko kiyaye zuciyar mutum? Na fi minti goma ina kallonta, har hasken wayar ya mutu sau biyu, domin ni duka biyun nake so, kuma abin da ya hana ni barci shekara da shekaru ke nan.

Sakamakon ya fito da haruffa huɗu: INFP. Na farko yana nufin mutumin da ƙarfinsa ke dawowa idan ya kaɗaita. Na biyu, wanda hankalinsa ya fi tafiya ga ma'ana da abin da zai iya yiwuwa fiye da abin da ke gaban ido. Na uku, wanda ke auna hukunci da aƙidarsa da halin da mutane za su shiga. Na huɗu kuwa ba ya son a ɗaure shi da tsari, ya fi son ƙofa a buɗe. Da na kai wurin da aka ce irinmu muna gudun rigima amma ba ma sayar da abin da muka yi imani da shi, sai na ga takardar ajiye aikina a gabana. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ashe abin yana da suna, kuma sunan ba miskilanci ba ne.

Washegari na shiga bincike kamar mai shirin jarrabawa. Tushen abin wani likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan Siwizalan, Carl Jung, wanda a 1921 ya rarraba mutane tsakanin masu fuskantar ciki da masu fuskantar waje. Wata Ba'amurkiya, Katharine Cook Briggs, da 'yarta Isabel Briggs Myers suka ɗauki tunaninsa suka mayar da shi tambayoyi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka samu rukuni 16. Babu wadda ta yi digiri a ilimin halayyar ɗan Adam a cikinsu. Isabel ɗin ma INFP ta ɗauki kanta, abin da ya sa na riƙa jin ta kamar wata gwaggona.

Daga nan na ɓata rawata da tsalle. Haruffan suka zama bargon da nake lulluɓa da shi. Ban amsa saƙo ba? Ai mu haka muke. Na fara abu ban ƙarasa ba? Harafi na huɗu ne. Mahaifiyar aminiyata ta kwanta rashin lafiya, kullum ina tsara wa aminiyar tawa saƙo mai ratsa zuciya a kaina, ina gyarawa, ina jiran ya yi daidai yadda nake so. Mako uku ban tura ko kalma ɗaya ba.

A tsakanin nan na ci karo da labarin Bertram Forer, wani malami da a 1948 ya yi wa ɗalibansa gwaji, ya ba kowa bayanin da ya ce nasa ne shi kaɗai. Suka ba shi maki sama da 4 cikin 5 wajen dacewa da su, alhali takarda iri ɗaya ya raba wa kowa. Jikina ya yi sanyi. Na sake yin gwajin, sai ga harafin ƙarshe ya sauya, na koma INFJ. Masana sun daɗe suna wannan ƙorafin: yawancin mutane a tsaka-tsaki suke, amsa biyu ko uku na iya tsallakar da kai wancan ɓangaren. Harafin farko dai bai motsa ba, kuma shi ban taɓa buƙatar gwaji ya tabbatar mini ba.

Na kai wa ƙanena ƙarar gwajin nasa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To Yaya, a cikin haruffan wanne ne ya ce kada ki kira ƙawarki?"

Na ce ya fita mini daga ɗaki. Yana ja mini ƙofa na ɗauki wayar, hannuna yana rawa, babu ko jimla ɗaya da na shirya. A ƙara ta huɗu ta ɗaga. Ba ta amsa sallamata ba, sai numfashinta kawai nake ji.

Abin da ta faɗa mini daga ƙarshe, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.