Ranar da Sheffield ta toshe kunnenta da kanta

Na daɗe ina karanta tarihin yaƙin teku, amma labarin jirgin ruwan yaƙin Birtaniya mai suna Sheffield ya ƙi barin raina. Ranar 4 ga Mayu, 1982 ne, ana tsakiyar yaƙin tsibiran Falklands tsakanin Birtaniya da Ajantina.

Jirgin yana da na'urar da aikinta shi ne sauraron siginar radar maƙiyi tun daga nesa. To a daidai wannan lokaci ana amfani da na'urar sadarwa ta tauraron ɗan'adam da ke cikinsa, siginarta kuwa ta danne waccan mai sauraro. Wato jirgin yana magana da nesa, bai ji abin da ke tunkaro shi a kusa ba. Wannan ne abin da ya fi ci min rai, domin na'urorin biyu duk nasa ne, ba maƙiyi ne ya toshe su ba.

Wani jirgin ruwan yaƙin Birtaniya, Glasgow, da ke sintiri a gefe ya tsinkayi radar jiragen saman Ajantina samfurin Super Étendard, ya kuma yi shelar gargaɗi. Amma a babban jirginsu Invincible an ɗauka ƙararrawar banza ce, saboda an sha samun irinta a kwanakin.

Makami mai linzami ƙirar Faransa, Exocet, da ɗaya daga cikin jiragen saman Ajantinan ya harba, ya huda gefen Sheffield, wuta ta tashi, hayaƙi ya cika ko'ina. Mutum 20 suka rasu. Ranar 10 ga Mayu, ana cikin jan sa, jirgin ya nutse.