Abin da na koya daga zanen yaran Amurka na da

A darasin tarihin zane akwai wasu hotuna da ɗalibai kan yi wa dariya da ganin farko: zanen yara da masu zanen da ba su yi doguwar makaranta ba suka yi a arewa maso gabashin Amurka, daga wajen 1790 zuwa 1850. Kai ƙato, hannu kamar an liƙa shi, fuska a shafe babu inuwa, yaro tsaye ƙiƙam riƙe da kyanwa ko 'ya'yan itace. Da na zauna na yi nazarinsu, babban abin da na tsinta shi ne: kafin ka ce mai sana'a bai iya ba, fara tambayar nawa aka biya shi.

Labarin William Matthew Prior, ɗaya daga cikin masu zanen, ne ya koya mini wannan. A 1831 ya buga talla a wata jarida ta jihar Maine cewa duk mai son hoto shafaffe, marar inuwa, zai biya rubu'in farashi. Ke nan ya iya mai inuwar, akwai ma zanensa da ke nuna haka. Iya kuɗinka iya shagalinka. Masu sayen kuwa manoma ne masu rufin asiri, da masu kanti, da likitocin karkara, abin da suke so kawai a gane ɗansu a bango.

Ana yawan cewa masu zanen nan kan zana jikkuna su ajiye lokacin hunturu, sai sun samu ciniki su ɗora kai. Labarin yana da daɗin faɗa, amma masu bincike ba su samo hujjarsa ba. Abin da ke akwai shi ne maimaita salo don aiki ya yi sauri, tunda gari-gari suke bi. Ammi Phillips, haifaffen Connecticut a 1788, ya zana yara huɗu daban-daban da jar riga iri ɗaya, zama iri ɗaya, kare a gefe. Ɗaya daga ciki, yarinya mai rungume da farar kyanwa, an sayar da shi dala miliyan ɗaya a 1985, yanzu yana gidan adana zane na American Folk Art Museum a New York.

Sai kuma karatun hoton kansa, wanda ni a nan na fi daɗewa. Doguwar riga ba ta nuna mace ce, domin a zamanin ƙananan yara maza ma ita suke sawa. Tsagar gashi ake dubawa: ta tsakiya galibi mace, ta gefe namiji. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yawancin lokaci ba ka sani ko yaron yana raye aka zana shi ba. Mutuwar ƙananan yara ta yi yawa a lokacin, iyaye kan kira mai zane ya dubi gawa ya zana ɗan kamar yana wasa. Joseph Whiting Stock, wanda amalanken shanu ya faɗo masa yana shekara 11 ya shanye masa ƙafafu, ya rubuta ayyukansa sama da 900 a littafin ajiyarsa tsakanin 1832 da 1846, ya kuma nuna waɗanda daga gawa ya zana su. Tun da na san haka, in na ga fure ya langaɓe a hannun yaro ba na saurin wucewa.

A ganina lakabin "marasa horo" da ake yi wa masu zanen nan ma bai yi musu adalci ba. John Brewster kurma ne tun haihuwa, wani limamin coci mai zane ne ya koya masa, kuma idanun yaran da ya zana sun fi na ƙwararru da yawa rai. Joshua Johnson na Baltimore an haife shi cikin bauta, ya samu 'yanci a 1782, ya rayu da zanen iyalan 'yan kasuwar birnin. Kamara ce ta karya musu kasuwa bayan 1839, don ta fi araha da sauri, har wasunsu suka koma ɗaukar hoto da ita.